Ruwan akwatin kifi ya koma kore shar: daga ina matsalar take?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina da akwatin gilashi na kifin ado a falo, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 35. Akwai kifin zinare guda 4 a ciki, da wani baƙi mai lasar gilashi. Wata biyu ke nan ruwan yana komawa kore shar har ba a ganin kifin. Duk Asabar nakan kwashe kifin a roba, in zubar da ruwan kaf, in wanke gilashi da tsakuwa da soson matata tas, in zuba sabon ruwa. Kafin Laraba ya sake yin kore. Akwatin yana kusa da taga, fitilarsa kuma a kunne take tun safe har mu kwanta. Mai shago ya ce in sayi wani magani da ake ɗigawa. In saya?"

Malam, sannu da ƙoƙari, don wanke akwatin kifi duk mako ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ka riƙe kuɗin maganin nan tukuna. Sannan ka yi mini haƙuri da abin da zan faɗa: wankin nan na ranar Asabar yana cikin manyan abubuwan da suke dawo maka da koren. Kana iya bakin ƙoƙarinka, ƙoƙarin ne yake ciyar da abin da kake yaƙi da shi.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to ba ya yin kore banza ma. Koren nan da kake gani gansakuka ce. Ita kuwa tsiro ce, ko kuma mu ce dangin tsiro, kuma abin da take buƙata bai wuce abin da gero ke buƙata a gona ba: haske, ruwa da taki. Ruwa dai ba ka da yadda za ka yi da shi, tunda a cikinsa kifin yake rayuwa. Saura haske da taki, su kuma duka biyun a hannunka suke. Irin gansakuka ba ya taɓa ƙarewa a akwati. Yana shigowa ta iska, ta jikin kifi, ta ganyen da ka saya, ta ruwan da ka zuba. Ko da ruwan zafi ka wanke komai, zai dawo. Abin da za ka iya shi ne ka hana shi abincin da zai yi yawa da shi.

Kafin mu je ko'ina, ka ɗauki farin kofi ka ɗebo ruwan akwatin ka duba a wajen haske. In ruwan da ke cikin kofin kore ne, to gansakukar tana yawo ne a cikin ruwan kansa. In kuwa ruwan garau yake a kofi amma ta gilashi kana ganin kore, to a jikin gilashin take manne. Daga bayaninka na fi kyautata zaton ta farko ce, wadda masu kiwo ke kira koren ruwa. Ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi, kowace ƙwaya rai guda ce mai zaman kanta, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru miliyoyi. Ƙanƙantarsu ta sa suke ratsa soson matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, su wuce kamar babu shi. Idan suka sami haske da taki yadda suke so, suna iya ninka yawansu cikin kwana guda. Ka ga ko ɗigon da ya maƙale a tsakuwa ya isa ya sake cika akwatin daga Asabar zuwa Laraba, kamar yadda kake gani.

Yanzu ga inda wankin ya shigo. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da kuma kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. Amoniya guba ce ga kifi, amma ga gansakuka ita ce taki mafi daɗi. A akwatin da ya zauna ya yi kwari akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin soson matata da jikin tsakuwa. Kashi ɗaya daga cikinsu yana mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, wani kashin kuma ya mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda kifi ke iya jure wa in bai yi yawa ba. Waɗannan ma'aikatan ba sa taruwa da wuri. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su isa aiki a sabon akwati. Kai kuwa duk kwana 7 sai ka kore su. In ka wanke soso a bakin famfo, sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe su. In ka shanya shi a rana, sun mutu. In sabulu ya taɓa shi, wannan kam har kifin ma yana cikin haɗari. Sakamakon shi ne akwatinka wata biyu ke nan kullum sabo ne, bai taɓa samun damar girma ba. Amoniya tana fita daga kifi biyar, babu mai ɗauke ta sai gansakuka, ga rana ta taga, ga fitila awa 15. Ni da za a ce in noma koren ruwa da gangan, abin da zan yi ke nan.

Kuma a gaskiya akwai masu noma shi da gangan. Masu kiwon ƙarfasa sukan zuba kashin kaji a kududdufin kiwo don ruwan ya yi kore, saboda kifin yana cin ƙwayoyin. Masu kiwon kifin zinare a Japan da Sin kan raini 'ya'yan kifi a koren ruwa. Don haka kada hankalinka ya tashi cewa koren da kansa guba ne. Ina ma iya cewa a halin da akwatinka ke ciki, koren nan ne ya ceci kifinka, don shi yake shanye amoniyar da babu bakteriyar da za ta sarrafa. Haɗarinsa da dare yake zuwa. Da rana gansakuka tana fitar da iskar oksijin, amma da duhu ya yi sai ta daina fitarwa ta koma shaƙa tare da kifi. Ruwan ɗumi kuma dama ba ya riƙe iska sosai: ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Shi ya sa a watannin Maris zuwa Mayu, in ka ga kifi da asuba sun taru a sama suna haki, to iskar ce ta yi ƙaranci cikin dare.

To me za ka yi? Mu fara da haske, don shi ne mafi sauƙin gyara kuma ba ya cin ko sisi.

Hasken rana kai tsaye yana kaiwa wajen laks 100,000 a ma'aunin haske, alhali falo mai fitilu a kunne bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wato awa ɗaya da rana ta faɗo kan gilashin ta taga ta fi wunin fitilar ɗaki nesa ba kusa ba. Ka ɗauke akwatin daga wajen tagar ka kai shi bangon da rana ba ta taɓa shi, safe ko yamma. Amma kada ka kuskura ka ja shi da ruwa a ciki. Lissafin akwatinka, 60 sau 30 sau 35 a raba da 1,000, lita 63 ne, ruwan kaɗai ya kai kilo 60, ban da tsakuwa da gilashi. Ja ɗaya zai iya buɗe gam ɗin da ya haɗa kusurwa. Ka rage ruwan a bokitai har ya saura kaɗan, a ɗauka mutum biyu, sannan a mayar da ruwan nan dai. In babu wani wuri a falon, labule mai kauri da kwali a manne a bayan akwatin da gefen da ke fuskantar taga za su rage abin sosai.

Fitilar akwati kuwa, awa 6 zuwa 8 ta wadatar, kuma yanzu da kake cikin matsala ka tsaya a 6. Mutane suna ɗauka kifi yana buƙatar fitila. Kifi hasken ɗaki ya ishe shi, fitilar ta mai kallo ce da ta shuka, in akwai shuka. Ka zaɓi lokacin da kuke zaune a falo, misali daga la'asar zuwa 10 na dare, ka kashe sauran lokacin. In gidan akwai yara masu son kunnawa, ka sayi 'yar na'urar saita lokaci da ake maƙalawa a soket. Sai dai irin mai juyawa da haƙora tana tsayawa in an ɗauke wuta, lokacinta ya rikice. Mai batir a ciki ta fi dacewa da mu.

Sai taki, kuma a nan ne zan daɗe, don a nan yawancin mutane ba sa son jin gaskiya. Kifin zinare huɗu sun yi wa lita 63 yawa. Wannan kifi ne mai ci kamar gara, ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi da zai ajiye abinci, yana ci yana fitarwa. Ga shi yana girma ya kai santimita 20 ko fiye in ya sami wuri. Ƙa'idar da masu kiwo da yawa ke bi ita ce a ba na farko wajen lita 75, kowane ƙari kuma lita 40. Da wannan lissafi akwatinka da ƙyar zai ɗauki kifi ɗaya, in an matsa biyu ƙanana. Na san da wuya mutum ya rabu da kifin da yara suka sa wa suna, amma ko dai ka nemi babban akwati, ko ka ba wani biyu, ko kuma ka yarda za ka riƙa canjin ruwa sau biyu a mako har abada. Babu hanya ta huɗu.

Abinci kuma, abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana. Ka tsaya ka kalla. In bayan minti biyu akwai wanda ya nutse ƙasa bai sami mai ci ba, ka ba su da yawa. A gidajen da na shiga na duba akwatuna, abin da na fi tararwa shi ne maigida ya ba su da safe, uwargida ta ba su da rana, yara su dawo makaranta su ba su, baƙo ya zo a ba su don ya gani. Kowa kuma in ka tambaye shi sai ya ce ɗan kaɗan ya zuba. Kifin zinare maroƙi ne, duk wanda ya tsaya gaban gilashi sai ya yi masa rawar yunwa. Ka auna abincin yini a murfin kwalba da safe, ka ɗora a kan akwatin, ka ɓoye gwangwanin. In murfin ya ƙare, na yau ya ƙare. Rana ɗaya a mako ma ka bar su ba abinci, babu abin da zai same su. Abincin kifi shi ne babbar ƙofar da sinadarin fosfet ke shigowa akwati, kuma fosfet da naitiret su ne tuwo da miyar gansakuka.

Ga yadda Asabar ɗinka za ta koma. Kifi suna ciki, ba a taɓa su. Ka kashe matata. Ka kankare gilashin ta ciki da sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba, ko da maganaɗisun goge gilashi. Ka kawo tiyo siriri da bokiti, ka sa baki ɗaya a ruwa, ɗayan ƙasa a bokiti, ka ja ruwan ya fara gangarowa. In ka yanke gindin gorar ruwa ta roba ka cusa tiyon a bakinta, ka sami abin tsotsar tsakuwa: kana danna gorar cikin tsakuwa za ka ga tana tashi tana juyawa a ciki tana komawa ƙasa, wani baƙin hayaƙi na kashi yana bin tiyo zuwa bokiti. Ranar farko za ka yi mamakin abin da ke kwance a ƙasan akwatin da kake ganin ka wanke. Ka bi kusurwa-kusurwa har ka fitar da kamar lita 20, wato kashi ɗaya cikin uku. Sai ka ciro soson matata ka tsoma a cikin wannan ruwan na bokiti, ka matsa shi sau uku ko huɗu, ka mayar. Zai fito da launin ƙasa-ƙasa, yana ƙamshi irin na ƙasar da aka yi wa yayyafi. Haka ake so. Soso fari ƙal, matacce ne. Ruwan bokitin kuma kada ka zubar a kwata, ka kai wa shukokin gida, taki ne.

Sabon ruwan da za ka zuba shi ma yana da nasa labarin. In na famfo ne, ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu kulorin ya fice, ko ka ɗiga maganin cire kulorin, wanda shi ne magani ɗaya da nake ganin ya cancanci kuɗinsa a wannan harka. In daga tankin saman rufi ne, kada ka ɗebo da rana tsaka ka zuba, don ruwan yana iya yin zafin da zai gigita kifi. Ka bar shi ya kwana a ɗaki. In kuma na rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa, to akwai abin dubawa. Rijiyar da ke cikin unguwa mai cunkoso, kusa da masai ko gonar da ake zuba takin zamani, tana iya zuwa da naitiret ɗinta tun daga ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita ga ruwan sha, mu kuma a akwatin kifi muna so ya tsaya ƙasa da 20, in ya yi yawa 40. Ka ga ruwa zai iya zama halal a sha amma ya zama taki a akwati. In ka sami takardar gwajin ruwa da ake tsomawa ta canza launi, ka gwada ruwan akwatin, ka kuma gwada wanda kake zubawa. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa.

Wani kuskure na lokacin zafi: ruwa ya ƙafe ya ragu, sai mutum ya yi ciko ya ce ai ya canza. Miya in ta ƙone a wuta ruwa ne ke tafiya, gishiri yana nan. Haka naitiret. Ciko ba ya fitar da komai, sai an zuƙe an zubar.

Ka kuma sa wa akwatin murfi, musamman da hunturu. Ƙurar da ke sauko mana daga arewa maso gabas, kaso mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Chadi, wurin da a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne. Abin mamaki, ƙasar wurin cike take da ɓawon matattun gansakuka irin masu ruwan ƙasa da suka rayu a tafkin, kuma tana ɗauke da fosforas har masana suka gano tana ƙetare teku ta zama taki ga dajin Amazon. Ƙurar da ta iya ciyar da daji a wata nahiya, ba ta rasa abin da za ta ƙara wa buɗaɗɗen akwati a Zariya.

Duk wannan gyaran tushe ne, kuma zai ɗauki makonni kafin ka ga amfaninsa. Don kawar da koren da ke ciki yanzu, hanyoyi biyu ne na yarda da su. Ta farko duhu. Ka yi canjin ruwa kamar yadda na faɗa, ka kashe fitila, ka rufe akwatin ruf ta kowane gefe da kwali ko baƙin ƙyalle, kwana 3 zuwa 4, ba leƙe, ba abinci. Kifin ba zai mutu da yunwar kwana huɗu ba. Matata da injin iska, wato mai hura iska cikin ruwan, su ci gaba da aiki. Ranar da ka buɗe ka canza kusan rabin ruwan, saboda gawar gansakukar tana ruɓewa ta koma amoniya.

A kan wannan hanya ina da tabo. Wata shekara cikin Afrilu na lulluɓe wani akwati da bargo mai kauri har sama, na yi tafiyar kwana biyu. A daren farko aka ɗauke wuta ba a dawo da ita ba sai washegari da yamma. Bargo ya riƙe zafi, injin iska ya tsaya, gansakuka tana mutuwa tana cinye 'yar iskar da ta rage. Da na ɗaga bargon ruwan ya yi fari-fari kamar an zuba ƙullu, kifi bakwai cikin tara suna kwance a sama. Garin neman gira na rasa ido. Tun daga ranar ba na yin duhu sai ina gida, da kwali nake rufewa in bar rata a sama iska ta shiga, kuma akwai ɗan injin iska mai batir a gefe. Kai ma in wutar unguwarku ba ta da tabbas, wannan injin ya fi kowane magani muhimmanci. Shi ma soson matata in ruwa ya daina ratsa shi na awoyi masu yawa bakteriyarsa na fara mutuwa, don haka in ɗaukewar ta yi tsawo ka ciro shi ka jefa cikin akwatin kusa da inda iska ke fita.

Hanya ta biyu ita ce fitilar UV, mai fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, da ke cikin bututu, ruwa yana ratsawa haskenta yana kashe ƙwayoyin. Ƙarama mai wat 5 zuwa 9 ta ishi akwati irin naka, kuma cikin 'yan kwanaki zuwa mako ruwan zai yi garau. Ba ta taɓa bakteriyar soso, tunda abin da ya ratsa bututun kawai take kashewa, saboda haka kuma ba ta yin komai ga gansakukar da ke manne a gilashi ko dutse. Kada a kalli ƙwan a kunne a waje, yana ƙona ido da fata.

Maganin ɗigawa da mai shago ya ce ka saya, wasu daga cikinsu da sinadarin tagulla ake yin su, wanda ke kashe katantanwa da jatan lande, yana kuma illata shuka. Ko wanda ba na tagulla ba, yana kashe gansakukar ne gaba ɗaya a lokaci guda, gawar ta ruɓe, iska ta faɗi, a akwati mai cunkoso irin naka kuwa wannan caca ce da ran kifi. Bayan mako biyu koren ya dawo, tunda taga tana nan, kifi huɗu suna nan.

Da ruwan ya washe za ka fara ganin wasu irin, gara ka san su. Mai ruwan ƙasa da ke kwanciya kamar ƙura a gilashi da tsakuwa, yatsa ma yana goge ta, ta sabon akwati ce, takan tafi da kanta in ya zauna. Ɗigo-ɗigon kore masu tauri a gilashi, reza ce maganinsu, a kwance, a guji gam ɗin kusurwa, kuma ban da akwatin roba don zai karce. Mai zare kamar gashi, ka naɗe ta da buroshin haƙori kamar taliya ka cire. Baƙa mai kama da gemu da ke kama bakin ganye da duwatsu ita ce mai taurin kai: ka cire dutsen ka jiƙa a ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 20, na 'yan mintuna, ka ɗauraye sosai, ka jiƙa a ruwa mai maganin kulorin, ka shanya a rana har warin ya tafi gaba ɗaya. Ganyen da ta kama kuwa ka yanke kawai. Akwai kuma wata mai shimfiɗuwa kamar darduma mai santsi, kore mai duhu da shuɗi-shuɗi, tana ɓarewa fallen-fallen, tana warin fadama. Wannan bakteriya ce mai cin haske, tana son wurin da ruwa ba ya motsi da datti ya taru. Ka zuƙe ta da tiyo, ka gyara zagayawar ruwa, ka yi duhun nan. A danginta ne ake samun wadda matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa na yankin Tafkin Chadi su shanya ta zama dihe ana miya da ita, amma ta akwatinka ba ta ci ba ce, wasu irinta ma suna da guba, ka wanke hannu bayan ka taɓa.

Shi kuwa baƙin nan mai lasar gilashi, ina zargin irin fileko ne na Kudancin Amurka da aka fi sayarwa. Yana ƙarami yana ɗan aiki, amma yana iya kaiwa santimita 40, kashin da yake yi ya fi abin da yake gogewa, kuma koren ruwa ba shi da yadda zai ci shi. Wani lokaci ma yakan maƙale a jikin kifin zinare da dare yana lasar santsin fatarsa. In ka ga tabo zagaye a gefen ɗaya daga cikinsu, ka san mai laifi. Ɗan'uwansa mai gashin baki da ake kira Ancistrus yana tsayawa a santimita 12 zuwa 15, ya fi dacewa da gida, amma yanzu akwatinka ba ya buƙatar ƙarin baki ko ɗaya. Abu guda da zan ja kunnenka a kai: kada wani ya ce ka je kududdufi ko bakin dam ka kamo katantanwa su ci gansakuka. Wasu ƙananan katantanwar ruwanmu su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke fita cikin ruwa ta ratsa fatar mutum. Ga yara suna tsoma hannu a akwati.

Abokin aikin da na fi yarda da shi shi ne shuka mai saurin girma, don tana cin takin da gansakuka za ta ci. Anubias, wadda asalinta daga ƙoramun dazukan kudancin Najeriya da Kamaru take kuma ake sayar da ita a duk duniya, kyakkyawa ce kuma kifin zinare ba ya iya cinye ganyenta mai tauri, sai dai girmanta a hankali yake, ba ta taimaka sosai a wannan yaƙi. Kainuwa ta fi ta aiki nesa, tana shan naitiret ta saiwa tana kuma yin inuwa, amma kifin zinare zai yi ta tsinkar saiwar, kuma in daga kududdufi aka kawo ta maganar katantanwa ta dawo, don a jikinta suke maƙalewa da ƙwansu. A nemi wadda aka raina a akwati.

Mafi sauƙi gare ka yana kasuwar kayan miya. Ka sami dankalin Hausa lafiyayye guda ɗaya, ka wanke, ka soka masa tsinken sakace uku ka ɗora a bakin kofin ruwa har ya yi tsiro. In reshen ya kai tsawon hannu ka ɓalle shi, ka sa gindinsa a ruwan akwatin ta bayan murfi ko cikin akwatin matata, ganyen yana waje. Cikin mako guda zai saki fararen saiwoyi, ganyen ya fara bin bango. Dankalin kansa kada ya zauna cikin ruwan, don in ya ruɓe ya ɓata maka komai. In kifin ya dami saiwar, ka sa ta cikin gorar roba da ka huhhuda, ka rataya a kusurwar baya, ka riƙa rage reshen duk lokacin da ya kai ga labule.